Sarakunan da Na Huda

Ni ne mai laifi. Na fara da wannan ne saboda shekara biyu cur na yi ina gaya wa duk wanda ya tambaye ni cewa laifin 'yata ne, wai yaran da aka haifa a Amurka ba su san alheri ba. Na faɗa a ƙofar masallaci bayan Juma'a, na faɗa a filin da muke jiran fasinja kusa da filin jirgin saman Dulles, har wasu suka riƙa taya ni. Ƙarya nake yi, kuma tun a lokacin na san ƙarya ce.

Ni direba ne. Daga Maraɗi na zo, karatuna bai wuce aji shida na lekol, wato makarantar boko, ba, sai ɗan abin da na samu a allo. Fiye da shekara ashirin ina ɗaukar mutane daga filin jirgi ina kai su gidajensu. A Sterling muka zauna, ɗaki biyu da falo a hawa na biyu, ni da matata da 'yarmu guda ɗaya tilo. Sunan mahaifiyata aka sa wa yarinyar, ga ta kuma 'yar fari, saboda haka ban taɓa kiran sunanta ba. Uwata nake ce mata. Haka na taso na ga ana yi a gidanmu: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yaba shi a gaban mutane, ba a zama ana hira da shi. Ni kuma na riƙe wannan da ƙarfi fiye da yadda ubana ya riƙe, don ya zo daidai da halina.

Matata, Allah ya jiƙanta, aikin kula da tsofaffi take yi a gidajensu. Akwai wani dattijo ɗan asalin Iran da ta yi wa aiki shekara huɗu, tsohon malamin makaranta, matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna nesa. Ba shi da abokin hira sai ita. Idan ta gama ba shi magani ta gyara masa shimfiɗa, sai ya sa ta ɗauko masa wani akwati, ya riƙa fito da tsofaffin kuɗin azurfa yana ba ta labarinsu. Kuɗin wata daula ne da ake kira Fartiya, wadda ta mulki ƙasarsu da Iraki kusan shekara ɗari biyar, tun kafin haihuwar Annabi Isa har bayanta, ta kuma yi ta gwabzawa da Rumawa. Da dattijon ya rasu, ɗansa ya kawo wa matata guda uku a cikin hankici, ya ce wasiyyar mahaifinsu ce.

Ranar da ta kawo su gida na juya ɗaya a tafin hannuna. Bai fi faɗin farcen babban yatsa ba da yawa, gefensa ba daidai ba, ya yi duhu kamar gindin tukunya. Gefe ɗaya kan mutum ne mai gemu, ɗaya gefen kuma wani ne a zaune riƙe da baka, rubutu ya kewaye shi.

Na ce, “Shekara huɗu kina wanke masa ƙafa, abin da ya bar miki ke nan? Ko burodi ba zai saya ba.”

Ta ce, “Malam, dirhami ne fa. Irin wanda kuke karantawa a littafi ba ku taɓa gani ba.”

“To a kai wa liman ya gani.”

“Liman ya nemi nasa.”

Yarinyar tana da shekara tara a lokacin. Ita ta ɗauki abin da zafi. Ta aro littafi a laburare, ta zo tana karanta wa uwarta da Turanci, uwar tana mayar mata da Hausa. A nan suka gano abin da ya riƙe su shekara da shekaru: sarakunan Fartiya kusan duk suna ɗaya suke bugawa a jikin kuɗinsu, sunan kakansu da ya kafa daular. Uba da ɗa da jika da wanda ya ƙwace sarauta, duk suna ɗaya. Sai dai a gane sarki da fuskarsa: tsawon gemu, irin hula, yadda aka tufke gashi. Matata ta ce ai wannan aikin mata ne, su da suke gane ɗan wane tun daga nesa da tafiyarsa. Ta sayo ƙananan ambulan na takarda, kowane dirhami da nasa. Yarinyar ta rubuta lamba da sunan da ke littafi a sama, uwar kuma ta rubuta nata sunan a ƙasa da Hausa, da ɗan abin da ta ga dama.

Suka riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan. Akwai kasuwar masu tara tsofaffin kuɗi da ake ci a Baltimore, sukan je su biyu a motarta, su wuni, su dawo da guda ɗaya, wata shekarar biyu. Ba masu tsada suke saye ba. Ni ban taɓa kai su ba, ko sau ɗaya. Cikin shekara goma sha biyu suka tara goma sha tara, a cikin gwangwanin biskit mai shuɗin murfi.

Lahadi bayan la'asar ne lokacinsu. Su shimfiɗa farin ƙyalle a teburin cin abinci, su jera sarakunan bisa tsarin mulkinsu, su ɗauko ɗan gilashin nan mai ƙara girman abu. Ni kuma ina kwance a doguwar kujera, na rufe fuska da hula, wai barci nake.

“Malam, taso ka ga Mai Hanci.”

“Tun asuba nake ganin masu hanci rayayyu, sun ishe ni.”

“Wannan nasa ya fi naka.”

Yarinyar ta yi dariya, ni kuma na gyara kwanciya.

Matata tana ba da labarin sarakunan nan kamar 'yan unguwarsu ne. Akwai wanda yake da ɗan ƙari a goshi, mai bugun kuɗin bai ɓoye masa ba, ya fito da shi ƙuru-ƙuru. Takan ce, “Kin ga wannan? Ubansa ya ba shi sarauta da hannunsa, shi kuma ya kashe uban, ya bi 'yan'uwansa talatin ya gama da su. Sai Sarkin Rum ya aiko masa da baiwa kyauta. Ta haifa masa ɗa, ta lallaɓa shi ya tura sauran 'ya'yansa Rum, sannan ta zuba masa guba. Mutum ya kashe maza talatin, mace ɗaya ta kwantar da shi a kan akushi!” Wannan baiwar ta zama sarauniya, har an buga fuskarta a kuɗi. Matata ta so ta mallaki nata ko guda ɗaya, amma ya fi ƙarfinsu. Ta dai ajiye mata ambulan babu komai a ciki.

Tana kuma tausayin sarakunan ƙarshe-ƙarshe. Rubutun da ke jikin kuɗin na Girkanci ne, to da zamani ya ja, masu sassaƙa hatimin ba su iya karanta shi ba, sai su kwaikwayi na magabata, wanda ya biyo baya ya kwaikwayi kwaikwayon, har haruffan suka koma zane-zane kawai. Takan ce da yarinyar, “Haka Hausarki za ta koma in ba ki buɗe baki ba.” Domin yarinyar tana jin komai, amma da Turanci take amsawa.

Ciwon matata bai daɗe ba. Wata biyar tsakanin ranar da likita ya faɗa mana da ranar da muka kai ta. Bayan haka gidan ya yi shiru. Yarinyar ta ɗauke gwangwanin ta kai ɗakinta, ban sake ganin farin ƙyallen a tebur ba. Ni na ƙara awannin aiki. Muna gida ɗaya, amma gaisuwa ce kawai da “ga abinci nan” ke haɗa mu.

Shekara uku bayan rasuwar aka sa ranar aurenta da wani yaro mai hankali, iyayensa mutanen Damagaram, yana zaune a Bowie. Ƙanwar matata ce ta tsaya a matsayin uwa. Ita ce ta tambaye ni, cikin wasan da muka saba, “To angon yayata, me za ka ba 'yarka? Ko tsohuwar motarka za ka ɗaura mata a wuya?”

Maganar ta zauna mini. Wata biyu kafin nan wani abokin aikina ya aurar da tasa 'yar, ya sa mata zinariyar Dubai, aka yi ta zancen a filin jira. Sannan akwai wani abu da ban taɓa gaya wa kowa ba. Mahaifiyata tana da sarƙar dalolin azurfa, irin ta matan da, kowace dala an huda ta an jera, in tana tafiya kana jin ƙararsu. Da zan taho ƙasar nan ta sayar da ita. Ban sake ganin wuyanta da komai ba har ta bar duniya. Sai na ce a raina, ga mai sunanta za ta yi aure, ga azurfa a kwance cikin gwangwani ba ta amfanin kowa.

Wannan shi ne dalilin da na riƙa ba mutane, kuma akwai gaskiya a cikinsa. Amma da niyyata mai kyau ce zalla, da na tambaye ta. Ban tambaya ba saboda na san amsar. Na jira har ta fita aiki wata Talata da safe, na shiga ɗakinta, na buɗe durowar da ban taɓa buɗewa ba, na ɗauke gwangwanin.

Akwai wani maƙerin farfaru ɗan Agadas a Fort Washington, yana aiki a garejin gidansa, yana kai kayansa wuraren bukukuwa. Can na nufa. A hanya na tuna cewa in ya ga ambulan da rubutun mace zai san ba nawa ba ne. Sai na ratse gidan mai, na tsaya a gefe, na riƙa buɗe su ɗaya bayan ɗaya ina zazzage sarakunan a cikin hulata. Na ga rubutun matata. Ba zan ce ban gani ba. Rubutu ne mai kwanciya gefe, tana danna biro har ya fito ta baya. Ban karanta ko ɗaya ba, na kawar da ido da gangan. Na dunƙule su, na fita na tura a kwandon sharar da ke tsakanin famfunan mai, kan kofunan kofi. Na mayar da gwangwanin wurinsa da yamma, babu komai a ciki sai gilashin.

Maƙerin ya zuba su a kan fata, ya sa tabarau, ya riƙa juya su ɗaya bayan ɗaya.

“Alhaji, waɗannan sun girmi kakan kakanka. Naka ne?”

“Nawa ne.”

“A mota fasinja ya manta?”

“Kai Buzu, aiki na kawo maka ko shari'a?”

Ya yi dariya, amma bai saki maganar ba. Ya ce zai iya yi wa kowane zobe na azurfa ya kewaye shi, a rataye ta jikin zoben, ba sai an taɓa kuɗin ba, duk ranar da aka so a cire. Sai dai zai ɗauki wata guda. Na ce saura kwana goma sha biyu biki, kuma ta mahaifiyata hudawa aka yi. Ya ce to aƙalla a bar musu duhunsu, masu sanin abin duhun nan suke so. Na ce ni 'yata ba za ta rataya baƙin ƙarfe a gaban mutane ba, ya goge su har su ɗauki ido.

Ya cire tabarau ya dube ni. “Rami in na yi shi, ba ya komawa fa.”

Na ce, “Yi.”

Sau uku Allah ya ba ni dama ta bakin mutumin nan, sau uku na ture.

Yarinyar ba ta buɗe gwangwanin ba a kwanakin, hidima ta sha mata kai. Ranar ƙunshi, bayan la'asar, na je gidan ƙanwar matata. Falo cike da mata, amarya a tsakiya an riga an wanke mata lallen hannu. Na sa aka yi shiru. Na miƙa mata akwatin sarƙar da hannuna, abin da ban taɓa yi ba a gaban jama'a. Ina jin daɗin kaina ƙwarai a lokacin, wannan ma dole in faɗa.

Ta buɗe. Mata suka ɗauki guɗa, don sarƙar ta yi kyau, tana walƙiya kamar sabon cokali. Ita kuwa ba ta motsa ba. Ta ɗaga ta, ta kama dirhami ɗaya ta juya, ta kama na kusa da shi. Maƙerin ya jera su ne bisa girma, manya a tsakiya, jika ya zo gaban kaka. Kowanne da rami a saman kai, wasu ta cikin hula. Ta tsaya a kan ɗaya tana shafa goshinsa da yatsa. Injin gogewa ya cinye ƙarin.

Sai ta ɗago ta yi mini magana da Hausa, Hausa tsantsa, da muryar uwarta.

“Baba, ina ambulan ɗin?”

Na ce, “Wane ambulan? Takardu ne fa.”

“Ina rubutun Mama?”

A nan ya kamata in durƙusa. Amma mata talatin suna kallona, kuma na ga wasu sun fara haɗa ido. Sai na ɗaga murya. Na ce a gidana aka ajiye su, da guminmu aka saye su, me take da shi da ba nawa ba? Na ce na kashe kuɗi na mayar da shara abin ado, ko godiya babu. Sannan na faɗi wadda ta fi duka. Na ce, “Uwarki ma wasan yara ta yi ta yi da su, ke kuma kin ɗauka gado ne.”

Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta mayar da sarƙar cikin akwatin, ta sauko daga kujera ta durƙusa, ta miƙo mini da hannu biyu. Ta ce, “Na gode, Baba. Allah ya saka.” Ta tashi ta shige ɗaki.

An yi biki, an kai ta Bowie. Ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba. Kowace Juma'a takan kira: ina wuni Baba, ya aiki, ya jiki, Allah ya ƙara lafiya. Minti biyu. Da Sallah su zo da mijin, ta kawo abinci, ta zauna a bakin kujera da jakarta a cinya. Da faɗa take yi da na san abin yi. Na jefa sarƙar a aljihun mota na gaba, na ci gaba da ba da labarina yadda ya yi mini daɗi.

Ƙanwar matata ce ta fara fasa ni, bayan kusan shekara. Na je gaishe ta, na soma zancen yaran zamani, sai ta ajiye ludayi. Ranar babu wasa a bakinta.

“Yaya, tsaya. Ka taɓa ganin wasiƙar yayata?”

Na ce a'a.

“Littafi fa? Ko takardar cefane?”

Na girgiza kai. Matata ba mai rubutu ba ce. Saƙon murya take aikawa, wayar kuma ta lalace tun tana asibiti.

“To ambulan ɗin nan su ne kawai abin da ta rubuta da hannunta a ƙasar nan. Da su yarinyar ta koyi karanta Hausa. Kai kana zaton azurfar take wa kuka? Sunayen littafi tana da su a ka, ko yau za ta jera maka. Abin da uwarta ta ce a kan kowanne, shi ka zubar. Wasu ta tuna, wasu sun tafi. Tana kirana tana tambaya, Anti, me Mama take ce wa mai tauraro a hula? Ni ina na sani? Kai ne kake kwance a falon.”

Na tashi na tafi ban ci abincin ba. Na yi fushi da ita wata biyu.

Amma daga ranar na fara fito da sarƙar. A filin jira wani lokaci mutum yakan yi awa biyu kafin layi ya zo kansa. Sai in ɗora ta a kan sitiyari ina bin fuskokin. Wata rana ina kallon wani mai doguwar hula da ƙaton hanci, sai na ji bakina ya ce, “Mai Hanci.” Na kusa sakin sarƙar. Na nemi biro, na rubuta a bayan rasit ɗin mai. Bayan kwana biyu wani ya dawo: Ango, wani marar gemu mai hula kamar ta sanyi, shi ne mafi tsufa a cikinsu. Sai Gemun Masara. Sai Na Gaji da Ku, wani mai runtsattsen ido. Sai Kitson Asabar. Da muryarta suke dawowa, har da dariyar yarinyar a baya.

A nan na gane cewa duk shekarun nan ba barci nake ba. Ina jin komai. Ina son in taso. Abin da ya hana ni, littafin nan na Turanci ne da ke kan tebur. Ina tsoron yarinyar ta miƙo mini ta ce Baba karanta nan, in tsaya ina in'ina a gaban 'yar shekara goma. Matata ba ta fi ni karatu ba, amma ita ba ta jin kunyar cewa ban sani ba. Ni kuwa na gwammace in raina abin da in zauna a koya mini. Na fake da kunyar ɗan fari, alhali girman kai ne. Shekara goma sha biyu ana kirana zuwa tebur a cikin gidana.

Na sayi ƙaramin littafi na riƙa tarawa. Na samu goma sha ɗaya. Takwas sun ƙi zuwa. Duk da haka ban je ba. Nakan ce sai na cika, alhali na san ba za su cika ba.

Sai kujerar motata ta daina matsawa gaba da baya. Na kai wa makanike, ya kwance ta gaba ɗaya ya fitar. A ƙarƙashin ƙarfen da take gudu a kai, cikin ƙura da ɓawon gyaɗa da tsinken sakace, ga wata 'yar takarda a naɗe, maiƙo ya taɓa gefenta. Ya ɗauka zai jefar, na riƙe masa hannu. Ashe ranar da nake zazzagewa a gidan mai ambulan ɗaya ya zame ta gefen kujera. Shekara biyu ina zaune a kansa.

Na fita waje na tsaya a rana. A sama rubutun yarinyar ne, lamba da suna, da ƙananan haruffa masu tsabta. A ƙasa na uwar, ya kwanta gefe:

“Mai Harara. Duk sauran gefe suke kallo, shi kaɗai yake kallon mutum ido da ido. Kamar Babanki in an taɓa masa rediyon mota. Ki duba da gilashi, ba fushi ba ne, gajiya ce. Wata rana zai taso ya gani.”

Na san dirhamin. Yana can gefen hagu na sarƙar, na biyu daga ƙarshe, ramin ya bi ta tsakiyar hularsa. Yana cikin takwas ɗin da na kasa tunawa, kuma na gane dalili: wannan sunan ba su taɓa faɗarsa da ƙarfi ba, sai dai in ji sun yi ƙus-ƙus sun fashe da dariya.

Makaniken ya leƙo ya ce lafiya? Na ce ƙura ce ta shiga mini ido. Ya koma ciki ya bar ni.

Ko bayan wannan sai da na ƙara kwana tara. Ina faɗa ne don a san irin mutumin da nake. Ban san yadda uba yake ba 'yarsa haƙuri ba, ban taɓa gani ba. A gidanmu in babba ya yi kuskure, sai ya aiko da tsire ko turmin zane, kowa ya gane, a wuce wurin. Na yi tunanin in ba ƙanwar matata ta kai mata. Na yi tunanin in sa a akwatin gidan waya. Amma ai da kyauta na yi ɓarnar tun farko.

Ranar Lahadi bayan la'asar na kama hanyar Bowie ban yi waya ba. Unguwarsu shiru, kowane gida da ciyawarsa da motoci biyu a ƙofa. Mijin ne ya buɗe, ya durƙusa ya gaishe ni, ya dubi fuskata, sai ya ce zai je ya sayo wani abu. Ta fito daga kicin tana goge hannu. Ta gaishe ni yadda ta saba, ta nuna mini babbar kujera. Na ce a'a, tebur nake so.

Muka zauna. Na fito da sarƙar na shimfiɗa. Na ga ta kawar da kai. Na fito da littafina na buɗe, na sa yatsa a kan na farko na ce, “Wannan Ango ne.” Na matsa. “Wannan Mai Hanci. Wannan Gemun Masara.” Ina bi ina tsallake waɗanda ban sani ba. Da na zo kan mai tauraro a hula na ce, “Wannan Ɗan Gayu take ce masa.” Sai na ji ta ja numfashi.

Ta ce da Turanci, a hankali, ashe kana ji.

Na ce, “Ina ji. Goma sha ɗaya na samu. Bakwai sun tafi, ni na zubar da su, ba za su dawo ba. Ɗaya kuma ga shi.”

Na ajiye ambulan ɗin a gabanta. Ba ta taɓa shi nan da nan ba. Ta sake goge hannunta a zane, sannan ta ɗauka da yatsu biyu ta gefe, yadda suke ɗaukar sarakunan. Ta karanta, leɓenta yana motsi. Dariya ta kufce mata, guda ɗaya, sai kuma ta kifa kai a tebur, kafaɗunta suna girgiza. Rabon da in ga kukanta tun tana ƙarama. Ko ranar jana'iza ɗaki ta shiga.

Na tashi daga kujerar. Na cire hulata na ajiye kusa da sarƙar. Na tsuguna a ƙasa a gabanta, gwiwoyina suna ƙara, yadda nake tsugunawa gaban mai sunanta. Ta ɗago a firgice ta ce, “Baba, tashi, don Allah tashi,” tana jan hannun rigata. Ban tashi ba. Na kira ta da sunanta na yanka, karo na farko tun ranar da aka raɗa mata shi, na ji shi baƙo a bakina. Sannan na ce:

“Na shiga ɗakinki na ɗauki abin da ba nawa ba, na san ba za ki yarda ba. Na ga rubutun uwarki da idona, na zuba a shara don kada a gane ƙaryata. An hana ni hudawa, na ce a huda. Na ce wasan yara take yi, alhali ita ce mai hankalin gidan, ni ne na kwanta ina jin tsoron littafi. Na kunyata ki ranar farin cikinki, na kuma yi shekara biyu ina ɓata sunanki a wurin mutane, zan koma in gaya musu gaskiya ɗaya bayan ɗaya. Ba ni da abin da zan mayar miki. Ban zo don ki ce ya wuce ba, in bai wuce ba kada ki faɗa. Na zalunce ki, na zalunci uwarki. Ki yafe mini, 'yata.”